Boris Mai Gida: Wanne A Ke Gyarawa, Wanne A Ke Sakewa?

 

Kun saba buɗe wannan takarda don ku ga kuɗin buhun gero da na masara a Dawanau, da na shinkafa, da jarkar man gyaɗa. To yau ina so in ɗauke idonku daga kan buhu in kai shi kan wani ɗan ƙarfe da bai wuce cikin tafin hannu biyu ba. Shi ne boris mai gida, wanda masu sayar da kayan inji ke kira filo. Injin niƙa mai guduma, da injin casar shinkafa, da na matsar gyaɗa, da na markaɗen roba irin na Dakata, galibinsu shaf ne ke juyawa a kan filo biyu, ɗaya nan ɗaya can. Ran da ɗaya ya ƙi, ranar inji ya kwanta, kuma kayan mutane su kwana a buhu.

Tun da aka saki naira a watan Yuni na shekarar 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a watan Fabrairu na 2024, duk abin da a ke shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo, boris kuwa daga waje ya ke zuwa. Saboda haka tambaya ɗaya ta yawaita a bakin masu inji: in filo ya fara kuka, a gyara ko a sayi sabo?

Amsata a taƙaice ita ce, filo ba abu ɗaya ba ne. Akwai gidan, akwai ƙwayar boris ɗin da ke cikinsa, sa'an nan akwai shaf da ya ratsa ta ciki. Gida in lafiyarsa lau a bar shi ya ci gaba da aiki. Shaf in ya ci a gyara shi. Amma ƙwaya, in ta tafi ta tafi, ba ta da gyara, sai sakewa. Wanda duk ya wanke tsohuwar ƙwaya ya sa ta a kwali ya sayar da sunan sabuwa, algus ya yi, ko da ya kira abin gyara.

Ban faɗi wannan don na fi kowa ba. Ni ma sai da na ƙona hannuna tukuna.

Akwai wani maƙwabcina a nan Badawa mai injin niƙa. Ana saura 'yan kwanaki a kama azumi, lokacin da mata ke layi da gero da wake, filon da ke gefen fuli ya fara gurnani. Ya aiko yaronsa wurina, da ya ke ni dillalin kayan inji ne, ya ce in nemo masa. Na shiga kasuwa na tarar da iri uku masu lamba ɗaya. Na ɗauki na ƙasa, domin mai shagon ya ce mini na hannu ne amma an gyara shi, an wanke an sake giris, ya fi sabo. Na ga araha, na ga la'adata za ta yi kauri, na kawo. Aka ɗaura.

Bai yi sati biyu ba. Da tsakar rana ƙwayar ta cije, zoben ciki ya ƙi juyawa, shaf ya ci gaba da gudu a cikinsa har ya ci kansa ya yi baƙi. Kwana uku inji na kwance ana neman mai gyaran shaf. Mata suka kwashe kwanukansu suka nufi wajen Yankaba, waɗansu har yau ba su dawo ba. Da na je yi masa jaje, wani dattijon bakanike na durƙushe yana kwance filon. Ya ɗago ƙwayar ya girgiza ta kusa da kunnena, ta yi kacau-kacau. Ya ce, "Malam, wa ya kawo wannan?" Na ce, "Ni ne, Baba. An ce mini gyararre ne." Ya ce, "Ɗana, ƙwai in ya fashe ana ɗinke shi? Wanki aka yi masa, shi ke nan." Maigidan bai ce mini uffan ba. Shirun nan nasa ya fi mini zagi ciwo. Na mayar da la'adar, amma kwana ukun nan ba ni da inda zan samo masa su.

Tun daga ranar na zauna wurin masu sana'ar na koyi abin da zan faɗa muku yanzu.

Da farko, dalilin da ya sa ƙwaya ba ta gyaruwa. Zobe biyu ne, na ciki da na waje, da 'ya'yan ƙarfe a jere a tsakaninsu cikin keji, da roba ta rufe kowane gefe. An yi su da ƙarfe na musamman wanda aka gasa ya yi tauri ƙwarai, aka goge hanyar da 'ya'yan ke bi har ta yi santsi kamar madubi. Ratar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashin kai ba. In yashi ya shiga ya karce hanyar nan, ko ƙarfen ya gaji ya fara ɓarewa, to kowane zagaye ƙara ɓarewa ya ke yi. Kananzir yana fid da dauɗa, amma ba ya cike rami. Giris mai kauri yana ɓoye ƙara na 'yan kwanaki, shi ya sa wankakkiyar ƙwaya kan yi shiru a hannun mai saye. Da ta hau injin guduma mai zagaye wajen 3,000 a minti guda, sai gaskiya ta fito.

Na biyu, gidan. Shi ƙarfen zubi ne, ba ya juyawa, saboda haka ya kan ga bayan ƙwaya da yawa in ba a wulaƙanta shi ba. Cikinsa an fafe shi kamar ƙwarya, bayan ƙwayar ma a dunƙule ya ke, don ta iya ɗan karkata ta bi shaf in bai zauna daidai ba. Akwai tsagi biyu a bakin gidan. Ana karkata tsohuwar ƙwaya ta miƙe tsaye, a zaro ta ta tsagin nan, a zura sabuwa, a juya ta ta zauna. Ba guduma, ba wuta. Kafin ka yarda da tsohon gida duba abu uku. Ɗaya, babu tsagewa, musamman a ƙafafu wajen ramin noti. Biyu, ƙasansa a shafe ya ke, ba ya rawa in ka aza shi a kan tebur. Uku, sabuwar ƙwaya ta zauna da ɗan ƙarfi, sai ka sa sanda za ta karkata. In tana lilo da yatsa, gidan ya buɗe, a yar da shi. Sa'an nan a lura ramin shigar giris na ƙwayar ya zo daidai da kwarin da ke cikin gidan, domin in kamfani ya bambanta wani lokaci ba sa haɗuwa, sai ka yi ta ɗura giris alhali ba ya isa ciki.

Gidan da ya tsage fa? Na san masu walda za su ce a kawo. Ni dai ban ba da shawara ba. Ƙarfen zubi ba ya son walda irin ta ƙofa da taga, ya kan sake tsagewa a gefen ɗinkin, kuma zafin wuta ya kan murɗe mazaunin ƙwaya. In dare ya yi maka kana da kayan mutane a ƙasa, to a yi don a ƙarasa aikin ranar, amma gobe da safe a sake shi. Kuma a ƙananan lambobi sau da yawa kuɗin filo sukutum bai fi na ƙwaya kaɗai da wani abin kirki ba. Ka tambayi kuɗin biyun. Sai dai ka ɗaga tsohon gidanka da sabon a hannu ka ji nauyi. In tsohon ya fi nauyi da kauri kuma lafiyarsa lau, kada fentin sabon ya ruɗe ka.

Na uku, shaf. Nan ne gyara na gaskiya ya ke, kuma nan aka fi yin ha'inci. In wurin zaman ƙwaya ya ci, waɗansu sai su naɗa gwangwani, waɗansu su bi shi da ƙusa suna huda don ya yi ƙurji ya kama. Wannan duk jinkirta wahala ne. A kai wa masu injin feƙe ƙarfe su cike wurin su feƙe shi ya koma kaurinsa, ko su sa masa hannun riga, ko a yanko sabon shaf in ya lanƙwashe. Ƙwaya ta dubun nawa ce, in ta hau shaf da ya ci, ba za ta daɗe ba.

Ga kuma maganar lamba, wadda ya kamata kowane dillali ya haddace kamar yadda ya san mudu nawa ne a buhu. In ka ga UCP 205, to UC 205 ita ce ƙwaya, P 205 shi ne gida. Lambobi biyun ƙarshe ka ninka su sau biyar, ka sami kaurin shaf da milimita. Watau 205 na shaf mai milimita 25 ne, 206 na 30, 207 na 35, 208 na 40, 210 na 50. In kuwa ka ga an ƙara wata lamba a baya, kamar 205-16 ko 208-24, to wannan awon inci ne, ana ƙirga shi kashi goma sha shida. 205-16 inci ɗaya ke nan, milimita 25.4. 208-24 inci ɗaya da rabi, milimita 38.1. Ido ba ya raba 25 da 25.4, amma inji yana rabawa. In ka sa mai inci a shaf mai milimita 25 zai yi lilo ya ci shaf. In ka juya, ba zai shiga ba, yaron shago ya ɗauko guduma, ƙwaya ta mutu tun ba ta fara aiki ba. Saboda haka a auna shaf kafin a aiki yaro kasuwa.

To yanzu babbar magana. Me ya kashe ta farkon? In ba ka nemo wannan ba, ka sayi sabuwa ne don ta bi sahun 'yar'uwarta. Kamfanin SKF na ƙasar Suwidin, wanda ke ƙera boris tun 1907, a lissafinsa wajen rabin boris ɗin da ke mutuwa kafin lokacinsu matsalar giris ce da shigar dauɗa ke kashe su. Mu kuwa a Kano dauɗa ba sai an aika mata goron gayyata ba. Ga ƙurar hunturu, ga dusa, ga ƙaiƙayin shinkafa wanda ke ɗauke da sinadari irin na yashi, ga ruwan markaɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar a nan ita ce robar da ta rufe ƙwaya. A share bakin ɗura giris kafin a ɗura. A rufe gwangwanin giris, kada a bar shi buɗe a gindin inji. A ɗura kaɗan-kaɗan a kai a kai. Yawansa ma illa ne, domin in ya cika maƙil ƙwaya kan yi zafi, robar ta ture. Kuma kada a gauraya giris iri biyu, ko a zuba baƙin man mota a ce ai duk mai ne.

Sauran masu kisan su ne ɗaurin bel da ya wuce kima, da fuli biyu da ba su kalli juna ba, da gudumomin inji da nauyinsu ya bambanta har inji na rawa. Masana boris suna da wani lissafi mai ban tsoro: boris mai 'ya'ya in ka ninka masa nauyi sau biyu, kwanansa ya kan koma kashi ɗaya cikin takwas. Ka ga wanda ya ɗaure bel tamau don kada ya zame, ya ceci bel mai araha ya kashe boris mai tsada. Haka nan wajen ɗaurawa, a fara daidaita gida a ɗaure notinsa, a juya shaf da hannu a ji yana tafiya sumul, sa'an nan a ɗaure ƙananan sukurori biyun nan da alanki. Kowace safiya mai inji ya saurari filonsa. Bayan an yi aiki an kashe inji, ya taɓa na dama ya taɓa na hagu. In ɗaya ya fi ɗan'uwansa zafi sosai, ko ƙararsa ta sake, to ya ba ka sanarwa ke nan. Ka sake shi ran da ka ga dama, kafin ya tsayad da kai ran da shi ya ga dama. Kuma don Allah kada a kai hannu ko bakin riga kusa da bel yana gudu.

Na san abin da waɗansu za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Za su ce, "Malam, sabon ma ai jabu ne. Kwali na Japan, rubutu na Japan, ciki kuwa ƙarfen banza. Gara tsohon kamfani da aka kwanto daga wata masana'anta." Haka ne, jabu ya cika duniya, ba Kano kaɗai ba. Manyan masu ƙera boris, irin su SKF da NSK da NTN da Timken, har ƙungiya gare su ta duniya mai yaƙi da jabu, kuma akwai manhajar waya da a ke duba lambar kwali da ita. Ni ban ce na hannu haramun ne ba. Akwai wanda aka kwance daga injin da aka rufe alhali bai gaji ba. Irin wannan in ka juya shi a hannu ka ji sumul, ba kacau-kacau, ba tsatsa, ba shuɗin ƙuna a zobe, robarsa lafiya, yana iya yin aiki a wuri mai tafiya a hankali, kamar abin jan buhu ko injin tankaɗe. Amma a sayar da shi da sunansa, na hannu, da kuɗin na hannu, kuma kada a aza shi a injin guduma. Haka shi ma sabo mai araha wanda ya zo da sunan kamfaninsa na gaskiya, ba laifi, mai saye ya san abin da ya saya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubad da ruwa. Abin da na ƙi shi ne a sayar wa mutum rariya a ce masa ƙwarya ce.

Akwai kuma inda gyaran ƙwaya ya halatta, don kada a ce na rufe ƙofa duka. Manya-manyan boris na masana'antu, irin na kamfanin siminti ko na takarda, waɗanda mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa, su kamfanonin da suka ƙera su su kan karɓa su sake goge hanyar, su sa sababbin 'ya'ya, su auna, su ba da shaida. Wannan aikin masana'anta ne mai injuna na musamman, kuma tsadar abin ce ta sa ya ke biya. Ba shi ne wanki da kananzir da sanfefa a bayan shago ba. Haka manyan injunan shinkafa, waɗanda suka yawaita a Kano musamman bayan rufe iyakoki a watan Agusta na 2019, da yawa suna da gida mai murfi, wanda a ke buɗewa biyu. An yi shi ne musamman don a riƙa sake ƙwaya da roba a bar gida. Sai dai kada a musanya murfin wani gida da na wani, domin tare aka feƙe kowanne da gindinsa.

Dattawan cikinmu sun tuna inda wannan ɗabi'a ta lallaɓa tsohon kaya ta samo ƙarfi. A 1982 gwamnatin Shagari ta ɗaure shigo da kaya saboda kuɗin mai ya faɗi, sai mai lasin ke shigowa da su. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, naira ta karye. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka sha wuyar kayan gyara, kanikawanmu suka koyi raya abin da ya mutu. Wannan basira abin yabo ce, ita ta riƙe injuna da yawa har yau. Amma a wancan zamani sau da yawa kayan ne babu, ko da kuɗinka a hannu. Yanzu kaya na nan, daga Sabon Gari har Ƙofar Ruwa, tsada ce kawai. Mai fama da tsada kuwa lissafi ya kamata ya yi.

Ga lissafin, misali ne kawai, kowa ya sa nasa adadin. A ce bambancin kuɗi tsakanin ƙwaya ta kirki da wankakkiya ya kai cinikin injinka na yini ɗaya. Ka ɗauki wankakkiya, ka tsira da yini ɗaya. Ta mutu sau uku kafin ta kirki ta mutu sau ɗaya. Kowace mutuwa ka biya bakanike, ka biya kuɗin mota zuwa kasuwa, ka rasa aƙalla rabin yini, yara kuwa sai ka ba su na abinci ko inji ya juya ko bai juya ba. In ta tafi da shaf, ko ta cije har moto ya ƙone aka kai shi naɗi, to ka biya kuɗin filo goma. Ban da wannan, boris mai ciwo yana jan wuta da gas fiye da lafiyayye, ga shi a watan Afrilu na 2024 kuɗin wutar masu layin farko ya ninka fiye da sau uku. Abin da ba ya shiga lissafi kuwa shi ne matar da ta ɗauki kwanonta ta tafi wani injin ta ga nikansu ya yi mata.

Saboda haka ga roƙona. Ku masu shago, ku riƙa ajiye ƙwaya daban, gida daban, don mai gida lafiyayye kada a tilasta masa sayen abin da ba ya bukata. Ku jera kayanku hawa-hawa, na kamfani, da mai araha, da na hannu, kowanne da sunansa a kan rasit. Ku 'yan'uwana dillalai, ku tambayi mai inji abu uku kafin ku shiga kasuwa: wane inji ne, mene ne kaurin shaf, kuma yaya na farkon ya mutu. In la'adar jabu ta fi kauri, ku tuna dillali ba shi da jari sai sunansa. Ku kuma masu inji, ku ajiye ƙwaya biyu sababbi cikin ledarsu a wuri busasshe, kada a buɗe sai ranar ɗaurawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In an sake ta gefe ɗaya a duba ta ɗaya gefen, tun da wahala ɗaya suka sha. Ku rubuta ranar da aka ɗaura a jikin bango da alli, nan gaba ku da kanku za ku san wane shago ne ke gaya muku gaskiya.

In na taɓa wani a cikin wannan magana ya yi haƙuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ni na fara taɓa kaina. Maƙwabcin nan nawa har yanzu muna gaisawa, ya kan aiko yaronsa in yana neman bel ko rariyar inji. Amma boris, da ƙafarsa ya ke zuwa kasuwa.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka. Wassalam.